Yadda Ake Tsara Motar Bincike Mai Tsawon Rai, Bisa Darussan Motocin Duniyar Mars

A watan Janairun 2004 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, wato NASA, ta sauke wasu motoci biyu masu sarrafa kansu a doron duniyar Mars, Spirit da Opportunity, aka ɗebar wa kowaccensu kwana 90 na aiki. Spirit ba ta yi shiru ba sai a watan Maris na 2010, ita kuwa Opportunity ta ci gaba da aiko da saƙo har zuwa ranar 10 ga Yunin 2018, bayan ta yi tafiyar da ta ɗara kilomita 45. A duk tsawon waɗannan shekaru babu bakaniken da ya ɗora musu hannu, babu wanda ya goge musu ƙura ko ya canza musu batir. Wanda ya ji labarin a gurguje zai ɗauka an yi su ne da ƙarfen da ba ya lalacewa, alhali kuwa tarihinsu cike yake da lalacewa: ƙafa ta ƙage, hita ta ƙi mutuwa, ma'ajiyar bayanai ta riƙa mantuwa. Abin da ya raya su shi ne an tsara su ta yadda idan wani sashe ya mutu sauran za su ɗauki nauyinsa, an bar musu rara a kowane lissafi, kuma an bar ƙofar da za a iya sauya musu ɗabi'a daga nesa.

Wannan bayani na ɗalibai ne da masu sha'awar ƙere-ƙere a nan Kaduna, ko suna Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, ko cibiyar fasaha ta sojojin sama, ko kuma suna zaune a shagon gyaran kayan lantarki, waɗanda ke son haɗa ƙaramar motar bincike da hannunsu. Motar tasu ba za ta bar doron ƙasa ba, amma jerin tambayoyin da za su amsa su ne waɗanda injiniyoyin JPL, cibiyar NASA da ke jihar Kalifoniya wadda ta ƙera motocin, suka amsa. Ma'aunin nasara a nan shi ne a ajiye motar a fili a tafi a bar ta, ta yi makonni tana tafiya tana aiko da rahoto, domin motar da za ta yi minti biyar tana zagaye a gaban malamai ranar kare aikin kammala karatu ba ta buƙatar wani dogon tunani.

A fara da rubuta wa'adi

Kafin a sayi ko da ƙusa ɗaya, a zauna a rubuta a takarda kwana nawa ake son motar ta yi, mita nawa za ta yi tafiya a kullum, a kan wace irin ƙasa, da kuma abin da za ta riƙa aunawa. Daga wannan takarda ne girman batir da faɗin ƙafa da nauyin jiki za su fito. Kwana 90 da aka rubuta wa Spirit da Opportunity alkawari ne na mafi ƙarancin abin da dole su cika ko da komai ya zo a karkace, kuma don a tabbatar da cika shi sai aka riƙa gwada sassansu na tsawon ninki uku na wa'adin. Sashen da ya jure ninki uku a ɗakin gwaji ba tare da ya nuna gajiya ba, sau da yawa yana iya jure ninki goma ko fiye a fili, tunda ba a kai shi maƙura ba balle a san iyakarsa. Haka abin ya kasance tun daga Sojourner, 'yar ƙaramar motar da ta sauka a 1997 mai nauyin kilo 11 ko kusa da haka, wadda aka ɗebar wa kwana 7 ta yi 83. Saboda haka wanda ya rubuta wa motarsa kwana 30, to ya shirya gwada injin ƙafarta da gaɓoɓinta na adadin juyin da za su yi a kwana 90.

Lissafin wuta

A nan ne ya kamata a fi daɗewa, domin yawancin motocin da suka mutu a Mars rashin wuta ne ya kashe su. Hasken ranar da ke isa can kusan kashi 43 ne cikin ɗari na wanda ke isa duniyarmu, ga kuma ƙura mai laushi da ke sauka kullum a kan farantan sola. Spirit da Opportunity sun fara da samun kusan wat-awa 900 a rana (wat-awa ɗaya shi ne wutar wat ɗaya na tsawon awa ɗaya), kuma masu ƙirarsu sun yi tsammanin ƙura za ta rufe farantan cikin 'yan watanni, wanda yana daga cikin dalilan gajeren wa'adin. Sai ya zamana iska da ƙananan guguwoyi kan zo lokaci-lokaci su share musu farantan. Wannan sa'a ce, kuma mai ƙira ba ya sa sa'a cikin lissafinsa. Na'urar InSight, wadda ke zaune wuri ɗaya tana auna girgizar ƙasa, ba ta sami irin wannan shara ba, ƙura ta taru mata har ta yi shiru a Disambar 2022. Motar Zhurong ta ƙasar Sin, wadda ta sauka a Mayun 2021, ta shiga barcin hunturu a Mayun 2022 ba ta sake farkawa ba. Ita kanta Opportunity wata guguwar ƙura ce da ta lulluɓe duniyar Mars baki ɗaya ta kashe ta, inda wutar da take samu ta faɗo zuwa wat-awa 22 a ranar da ta aiko da saƙonta na ƙarshe.

Ga yadda ake lissafin, da misali na ƙaramar mota. A ce an sami farantin sola mai wat 20, kuma a ɗauka ana samun awa biyar na rana mai ƙarfi, wato wat-awa 100 ke nan a takarda. A cire kashi ɗaya cikin uku saboda hazo da ƙurar hunturu, saura 67. A sake cire kashi ɗaya cikin biyar na abin da ke salwanta wajen caji da cikin wayoyi, saura kusan 53. Wannan shi ne abin da motar ta mallaka a rana, ba 100 ba. Sai a juyo ɓangaren kashewa. Injinan ƙafa shida, kowanne yana jan wat 3, idan suka yi aikin awa ɗaya sun ci wat-awa 18. Ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi tana jan kusan wat 3 ko da ba ta aikin komai, idan aka bar ta a kunne dare da rana ta ci wat-awa 72. Ke nan kwamfutar da ke zaune shiru ta ninka tafiyar motar sau huɗu wajen cin wuta, kuma ita kaɗai ta wuce duk abin da farantin ke kawowa. Da batir irin na UPS mai bolt 12 da amfiya-awa 7, wanda ke riƙe da wat-awa 84, irin wannan mota ba za ta kai ƙarshen mako ba.

Maganin shi ne barci. A sa wani ɗan ƙaramin allo mai sarrafawa irin na Arduino, wanda cinsa bai taka kara ya karya ba, ya zama shi kaɗai ke farke yana riƙe da agogo yana duba ƙarfin batir, shi ne kuma zai riƙa kunna babbar kwamfutar na awa huɗu a rana ya kashe ta. Da haka cin kwamfutar ya dawo wat-awa 12, tafiya 18, a ware wa ƙaramin allon da rediyo 5, jimilla 35, an sami rarar 18. Kada a yi kwaɗayin cike wannan rara da ƙarin kyamara ko fitila, domin ita ce za ta riƙe motar ranar da hazo ya rufe gari. Opportunity ta sauka ne da wata hita a kafaɗar hannunta wadda makunninta ya maƙale a kunne, tana shan wuta kowane dare. Da ba a iya kashe hitar ita kaɗai ba, sai aka koya wa motar wani barci mai nauyi da ke raba batir da kusan komai har gari ya waye, kuma da wannan dabara ta rayu fiye da shekara goma sha huɗu.

Akwai kuma batun karkata. Spirit da Opportunity duk suna kudu da layin da ya raba duniyar Mars gida biyu, kudu da arewa, don haka da hunturu rana kan karkata arewa, masu tuƙinsu su nemi gangaren da ke fuskantar arewa su ajiye su a kai. Kaduna tana arewa da irin wannan layi na duniyarmu da kusan digiri goma da rabi, saboda haka a watan Disamba rana tsaka tana karkata kudu da kusan digiri 34. A rubuta wa motar doka cewa idan batir ya yi ƙasa ta nemi tsayawa da farantinta yana kallon kudu a wannan lokaci na shekara.

Manyan motocin da suka biyo baya, Curiosity mai kilo 899 da ta sauka a kwarin Gale a Agustan 2012, da Perseverance da ta sauka a kwarin Jezero a Fabrairun 2021, sun rabu da sola, suna samun wuta daga zafin sinadarin fulutoniyam kilo 4.8, wanda ba ruwansa da dare ko ƙura. Wannan ba abu ne da ɗalibi zai samu ba, amma yana da kyau a lura cewa wutar da yake bayarwa wat 110 ce kacal a farko, tana kuma raguwa kaɗan-kaɗan kowace shekara. Su ma sai sun yi barci sun tara caji a batir kafin su yi aiki mai nauyi.

Sanyi, zafi da giris

Dare a Mars yakan kai digiri 70 ko fiye ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas, da rana kuma a ɗan sami ɗumi. Ba tsananin sanyin kaɗai ne abin tsoro ba, hawa da saukar da ake yi kullum shi ne ke sa ƙarfe ya buɗe ya tsuke har liƙin dalma ya tsage. Don haka aka tattara batir da kwamfuta da duk wani abu mai rauni na Spirit da Opportunity cikin akwati ɗaya a tsakiyar jiki, aka lulluɓe shi da wani abu mara nauyi mai hana zafi fita da ake kira erojel, aka sa masa ƙananan dunƙulen fulutoniyam takwas masu ba da zafin wat ɗaya-ɗaya, domin cikinsa ya tsaya tsakanin digiri 40 ƙasa da sifili da 40 sama da shi. Giris ma yakan daskare, shi ya sa Curiosity ke ɗumama injinan ƙafafunta kafin ta motsa, kuma matsalar waɗannan injina na daga cikin abin da ya sa aka ɗage harba ta daga 2009 zuwa 2011.

A Kaduna matsalar a juye take, zafi ne abokin gaba, musamman a watannin Maris da Afrilu. Dabarar akwati ɗaya tana nan daram: a sa shi a inuwar farantin sola da tazara tsakaninsu, a shafa masa farin fenti, a buɗe masa ƙofar iska ta ƙasa da matatar yadi mai tare ƙura, a manna na'urar auna zafi a jikin batir, a kuma rubuta dokar da za ta dakatar da caji da tafiya idan zafin ya wuce abin da kamfanin batirin ya ƙayyade.

Ƙafafu shida da abin da ke riƙe da su

Duk motocin NASA da suka taka Mars, daga Sojourner zuwa Perseverance, tsarin ƙafa ɗaya suke da shi, wanda injiniya Donald Bickler ya ƙirƙiro a JPL. A kowane gefe akwai dogon hannu da ke lilo a kan wata gaɓa a jikin motar. Ƙarshensa ɗaya yana riƙe da ƙafa guda, ɗaya ƙarshen kuma yana riƙe da wani ƙaramin hannu mai lilo wanda ke ɗauke da ƙafa biyu. Babu sifirin ko ɗaya a ciki. Hannun dama da na hagu an haɗa su da wata sanda ko giya ta yadda idan ɗaya ya ɗaga ɗayan zai sauka, jikin motar kuma ya karkata da rabin abin da zai yi in babu haɗin. Amfanin wannan tsari shi ne ƙafafun shida suna taɓa ƙasa a kowane lokaci da nauyi kusan daidai, kuma motar tana iya hawa dutsen da ya kai tsayin ƙafarta. Ana iya yin hannayen da bututun alminiyam mai kusurwa huɗu, wanda masu walda da maƙeran Panteka za su yanka su huda bisa zane, a sa boris mai rufi a kowace gaɓa. Sandar da ke haɗa gefen biyu ita ce aka fi mantawa da ita, kuma in babu ita jikin motar zai riƙa faɗawa gaba ko baya a kan gaɓarsa.

Kowace ƙafa a ba ta injinta na lantarki, da wayarta da fiyus ɗinta daban, ƙafafu huɗu na kusurwa kuma a ba su ƙarin injin juyawa domin motar ta iya juyawa a inda take tsaye. Wannan ya fi tsada a kan inji biyu da sarƙa, amma ga abin da ya saya wa Spirit. A watan Maris na 2006 ƙafarta ta gaba ta dama ta daina juyawa gaba ɗaya, sai masu tuƙi suka koma tuƙa ta da baya tana jan matacciyar ƙafar a ƙasa, ta ƙara shekara uku tana tafiya a haka. Har ma ƙafar da take ja ta tone wata farar ƙasa a 2007 wadda aka gano kusan zallar silika ce, wato sinadarin da ake yin gilashi da shi, shaida mai ƙarfi cewa an taɓa yin ruwan zafi a wurin. Ita ma Opportunity injin juyawar ƙafarta ta gaba ta dama ya maƙale tun 2005, ta yi mafi yawan doguwar tafiyarta da baya. Abin da wannan ke nufi ga mai ƙira shi ne motar ta iya tafiya da baya kamar yadda take yi da gaba, da kyamara a ɓangarorin biyu, kuma manhajarta ta yarda a cire ƙafa ɗaya daga lissafi.

A zaɓi inji mai giya da ke rage gudu sosai ta ƙara ƙarfi. Iyakar gudun Curiosity kusan santimita huɗu ne a daƙiƙa, kuma da wannan tafiyar ta wuce kilomita 30. Sannu ba ta hana zuwa, kuma motar da ke tafiya a hankali ba ta dukan dutse da ƙarfin da zai karya mata gaɓa.

Ita kanta ƙafar kada a rage mata kauri don neman sauƙin nauyi. Ƙafafun Curiosity na alminiyam ne, tsayinsu santimita 50, amma kaurin fatarsu milimita 0.75 ne kawai, kuma a 2013 aka fara ganin huji da tsagewa a jikinsu. Da aka bincika sai aka gane cewa akwai duwatsu masu tsini da iska ta wasa, waɗanda ke kafe a ƙasa ba sa gocewa, kuma idan ƙafar gaba ta hau irinsu sauran ƙafafun suna ci gaba da tura ta da gudu ɗaya, su danna ta a kan tsinin. An magance abin ta hanyar sauya hanya zuwa ƙasa mai laushi, sannan a 2017 aka aika mata da manhajar da ke daidaita gudun kowace ƙafa da abin da take takawa. Da aka zo ƙera Perseverance sai aka ƙara wa fatar kauri, aka ƙara tsayin ƙafar zuwa santimita 52.5, aka mayar da haƙoran ƙafar 48 masu ɗan lanƙwasa maimakon 24 masu kusurwa.

Yashi ya fi dutse haɗari, kuma a ganina nan ne ya kamata ɗalibi ya nuna basirarsa. A watan Afrilun 2005 Opportunity ta shiga wani tulin yashi, ƙafafunta suna ta juyawa, kwamfutarta tana ƙirga juyin tana ɗauka tafiya take yi, alhali nutsewa take yi, sai da aka yi fiye da mako biyar kafin a fitar da ita. Spirit ba ta tsira daga irin wannan ba. A 2009 ta burma cikin wata ƙasa mai ɓawo a sama da gari a ƙasa, ƙafa ta biyu ta mutu ana cikin ƙoƙarin ciro ta, ta kasa karkata farantinta zuwa arewa, hunturu ya same ta a nan. Saboda haka ƙirga juyin ƙafa kaɗai bai isa ba, dole a sami hanya ta biyu ta sanin ko motar ta gusa da gaske. Motocin Mars suna kwatanta hotunan da suka ɗauka kafin taku da bayansa. Mai ƙaramin ƙarfi zai iya jawo wata ƙafa ta bakwai mara inji a bayan motar da na'urar ƙirga juyi a jikinta, tunda ita ba ta juyawa sai motar ta matsa. Idan ƙafafu masu inji suka ce an yi mita ɗaya, ta bakwai ta ce rabin mita, to motar ta tsaya cak ta aiko da rahoto ta jira umarni.

Kwamfuta, da ƙofar gyara daga nesa

Kwamfutar Curiosity da ta Perseverance, mai suna RAD750, gudunta megahaz 200 ne, ƙwaƙwalwar aikinta megabait 256, wato duk wayar hannu ta zamani ta fi ta nesa ba kusa ba. An zaɓe ta ne domin an ƙera ta ta jure haskoki masu lahani na sararin samaniya, kuma an daɗe ana aiki da ita an san halinta. Da tsohuwar zuma ake magani. Guda biyu ake sawa, ɗaya tana aiki ɗaya tana jira, kuma a Fabrairun 2013 da ma'ajiyar ta farkon ta sami matsala sai Curiosity ta koma kan ta biyun. Wannan ba yana nufin kayan kasuwa ba su da amfani ba. Ɗan jirgi mai saukar ungulu Ingenuity, wanda ya raka Perseverance, da ƙwaƙwalwar wayar hannu ta Snapdragon 801 aka yi shi, an tsara masa tashi biyar ya yi 72 kafin fiffikensa ya lalace a Janairun 2024.

Abu uku ne ba a sassauci a kansu. Na farko agogon gadi, wato ɗan da'irar da kwamfuta za ta riƙa taɓawa a kai a kai, in ta daskare ta daina taɓa shi sai ya kashe ta ya sake kunnawa. Na biyu yanayin kare kai: duk lokacin da motar ta ga abin da ba ta gane ba, ta tsayar da ƙafafu, ta kashe duk abin da ba dole ba, ta kunna rediyo a sa'o'in da aka riga aka sani tana saurare. Na uku shi ne ta iya tashi ba tare da katin ajiyar bayanai ba. A rana ta 18 da saukar Spirit ta shiga kashe kanta da kunnawa ba ƙaƙƙautawa, saboda fayiloli sun yi yawa a ma'ajiyarta har jerin sunayensu ya cinye ƙwaƙwalwar aiki. Abin da ya cece ta shi ne masu ƙira sun bar wani umarni da ke tayar da ita ba tare da ta taɓa ma'ajiyar ba, daga nan aka share fayilolin. Ma'ajiyar Opportunity kuwa tsufa ta yi, a 2014 mantuwa ta yi mata yawa, a ƙarshe aka daina amfani da ita, motar ta koma aiko da duk abin da ta tara kafin ta kwanta kowace rana. Katin ajiya na kasuwa ya fi waɗannan saurin lalacewa, don haka a rage yawan rubutu a kansa, a kuma sa dokar share tsofaffin fayiloli tun ranar farko.

A tsara manhajar ta yadda za a iya sauya ta ta rediyo, tare da ajiye tsohon kwafi wanda motar za ta koma kansa da kanta in sabon ya ƙi tashi. Da na'urar da ke tura bakin rawar huda dutse ta Curiosity ta tsaya a Disambar 2016, injiniyoyi sun ƙirƙiro hanyar danna rawar da ƙarfin hannun motar gaba ɗaya, ta koma huda dutse a Mayun 2018. Da na'urar auna karkata ta Ingenuity ta mutu a 2022, sai aka koya masa ciro wannan bayani daga wata na'urar da ke auna motsi. Babu ɗaya daga cikin gyare-gyaren nan da zai yiwu da an rufe manhajar ranar harbawa.

Gwaji da tuƙi

Saƙon rediyo yana ɗaukar daga minti 3 zuwa 22 kafin ya isa Mars, gwargwadon nisan da ke tsakani, kuma duk wata 26 rana takan shiga tsakanin duniyoyin biyu a daina aika umarni na kusan mako biyu. Don haka babu wanda ke tuƙa waɗannan motoci kai tsaye. Ana aika musu da jerin aikin yini, su aiwatar, su aiko da sakamako ta taurarin ɗan'adam da ke kewaya Mars. A kwaikwayi wannan da gaske: a sa jinkirin minti 20 a cikin manhajar aika umarni, a aika jerin aiki sau ɗaya da safe, a karɓi rahoto da yamma, mai tuƙin kuma ya zauna a inda ba ya ganin motar da idonsa.

In da hali a ƙera biyu. JPL tana da fili mai yashi da duwatsu inda take ajiye tagwayen motocinta, duk wani umarni mai haɗari a kansu ake fara gwadawa, har da wata da aka tuɓe wa kaya domin nauyinta a nan ya yi daidai da na Curiosity a Mars, inda ƙarfin jan ƙasa kashi 38 ne cikin ɗari na namu. A nan gida kayan gwaji a kusa suke: yashin bakin kogin Kaduna idan ruwa ya ja da rani, tsakuwa mai kaifi daga wajen masu fasa dutse, jar ƙasa mai marmara, da allon katako da za a riƙa ɗagawa ana auna gangaren da motar ke iya hawa. Motocin Mars suna iya jure karkatar digiri 45 ba su kife ba, amma manhajarsu ba ta barin su wuce kusan 30, kuma irin wannan tazara ya kamata a bari tsakanin abin da aka auna da abin da aka yarje wa motar. Allunan lantarki a rufe su cikin leda da abin tsotse danshi, a sa su a firiza su kwana, a fito da su rana su wuni, a maimaita sau da yawa, sannan a duba kowane liƙin dalma da madubin ƙara girma. Batir ba ya cikin wannan gwaji, domin cajin batirin litiyam yana daskare yana lalata shi.

Daga nan sai a shiga lalata motar da gangan, abu ɗaya bayan ɗaya, ana rubuta abin da ta yi. A cire wayar ƙafa ɗaya a ga ko za ta kai inda aka aike ta, a rufe rabin farantin sola da kwali na kwana uku, a zare katin ajiya tana cikin aiki, a katse wuta daidai lokacin da take karɓar sabuwar manhaja, a bar batir ya ƙare ƙurmus a ga ko za ta farka da kanta idan rana ta fito. Wannan na ƙarshe yana tona asirin agogo, domin a Mayun 2022 batirin Ingenuity ya ƙare da dare, agogonsa ya koma farko, ya riƙa farkawa a lokacin da Perseverance ba ta saurarensa, sai da aka sa ta ta wuni tana saurare kafin a same shi. A sa wa agogon motar ƙaramin batirinsa daban, a kuma rubuta mata abin da za ta yi in ta farka ba ta san ƙarfe nawa ba.

Babban gwajin a ajiye shi zuwa Disamba ko Janairu, lokacin da hazo ya fi kauri, a wani fili mai katanga da mai gadi. A auna wutar da farantin ya kawo kowace rana, da zafin batir, da wutar da kowane injin ƙafa ya ja, a zana su a jadawali, domin injin da jan wutarsa ke hawa a hankali daga mako zuwa mako ƙura ce ke shiga boris ɗinsa, kuma ana iya rage masa aiki tun kafin ya ƙage. Daga ranar da aka ajiye motar ba a goge mata faranti, ba a ɗaga ta daga rami, ba a sa mata caja. Duk ranar da dole ta sa aka taɓa ta, a rubuta dalilin, a gyara shi a zane da kuma jikin tagwayenta, a koma ƙirga kwanakin daga ɗaya.